Gashin Kirinjijiya da Lambun Malam Saleh

Akwai wani masanin tsuntsayen ruwa a Abuja mai suna Dakta Farouk. Aikinsa auna gashin tsuntsu, domin Allah cikin hikimarSa Ya sanya wa ruwan kowace ƙasa tambarinsa na sinadari, kuma gashi yakan riƙe tambarin ruwan da tsuntsu ya sha lokacin da gashin ke tsirowa.

Wata shekara kirinjijiya, wato agwagin ruwa, suka riƙa mutuwa a wata fadama kusa da Kuje. Awon farko ya nuna alamar takin zamani a gashinsu. Dakta bai jira na biyu ba. Ya miƙe gaban mai unguwa da jama'a, ya nuna Malam Saleh, mai lambun bakin ruwan, ya ce shi ya gurɓata fadamar. Nan take aka hana Saleh ban ruwa.

Bayan makonni, abokiyar aikinsa Nazeefa ta shigo ofis a sanyaye.

"Oga, awo na biyu ya fito. Gashin nan can arewa mai nisa ya tsiro. Da alamar suka zo, ba a Kuje suka same ta ba."

Dakta ya karɓi sakamakon ya duba. Wannan ne darasin farko da shi kansa yake koya wa ɗalibai: inda gashi ya tsiro yake ba da labari, ba inda tsuntsu ya faɗi ba.

Ya tuƙa mota zuwa Kuje. A lambun Saleh, tumatir ya ƙone, alayyafo ya kwanta. Saleh ya shimfiɗa masa tabarma, ya kawo ruwa. Dakta ya kasa haɗa ido da shi.

"Baba, na zalunce ka. Ka yafe mini."

"Na yafe, ɗana. Tumatir kuwa Allah zai mayar. Sai dai jikokina ana kiransu 'yan gidan mai guba. A bainar jama'a ka faɗa, yau kuma ka zo kana raɗa mini a tabarma?"

Ranar Juma'a, bayan sallah, Dakta Farouk ya tsaya inda ya tsaya da farko, gaban jama'a, ya ƙaryata kansa.

Darasi: Gaggawa daga Shaiɗan take, tabbatarwa kuwa kafin hukunci wajibi ce. Wanda ya ɓata mutunci a fili, a fili zai wanke shi. Ku isar da wannan ga 'yan'uwa, Allah Ya tsare harsunanmu.