Kabari Biyu a Kan Tudu

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A can da, a garin dabbobi, ko a mutuwa ba a haɗa kafaɗa. In babba ya mutu, sai a binne shi a kan tudu, a ajiye masa tulun zuma. Talaka kuwa, kogon kuka ake jefa shi. Kowace gawa a tabarma ake naɗe ta, jan zare kawai ke nuna ta manya. Kuma wanda ya kwance tabarmar, shi zai bi mamacin.

Ran nan uwar Kurege, mai sayar da itace, ta rasu. Galadima Zomo ma ya cika a ranar. Kurege ta je wurin Gizo, don shi ke naɗe gawa.

Ta ce, "Baba Gizo, innata ta gama wahalar duniya. A kogo za ta ƙare?"

Gizo ya ce, "Share hawayenki, 'yar nan." A ransa kuwa zuma yake hange.

Ya naɗe gawa biyun iri ɗaya, ya haɗiye jan zaren, ya ruga fada. "Ranka ya daɗe, zare ya ɓata! Ban san wane ne Galadima ba."

Sarki Zaki ya kira Kura. Ta shinshina, ta ce, "Warinsu ɗaya."

Ya kira Ungulu. Ta ɗaga wannan, ta ɗaga wancan, ta ce, "Nauyinsu ɗaya."

Ya kira Gara. Tsohuwar ta ce, "Sarki, na ci na tudu, na ci na kogo. Har yau bakina bai bambance su ba."



Zaki ya daɗe yana kallon tabarmin nan, ya tuna shi ma tasa tana nan tafe. Can ya ce, "Ku kai su tudu duka biyun."

Aka binne su, kowa da tulunsa. Kafin kwana uku Gizo ya lashe zumar tas.

Kurege ta tare shi. "Baba, to wanne ne na innata?"

Ya goge baki. "Wallahi ni ma na manta."

Tun daga ranar, kowace safiya sai ta hau tudu da tsintsiya, ta share duka biyun.

Kun ji, yara, girma riga ce ta aro, a bakin rami ake tuɓe ta.

Ƙungurus kan kusu, zuma ta ƙare, zancena ma ya ƙare.