Mai Jiran Gurbin Iri

Akwai wani mutum, masunci ɗan masunci, yana zaune a wani ƙauye a bakin wani ƙaramin kogi. Kogin nan ba ya kai rani yana gudu. Da an gama kaka sai ya fara tsinkewa, yashi ya fito, ruwa ya rage a ramuka nan da can. A cikin ramukan akwai ɗaya mai zurfi a gindin wani dutse, wanda bai taɓa ƙafewa ba tun da aka kafa garin. Ana ce masa gurbin iri, gama nan ne kifin kogin yake taruwa ya ci rani. In damina ta sauka ruwa ya kawo, sai kifin ya fita ya bazu, ya zuba ƙwai cikin ciyawar fadama, kogi ya sake cika.

Saboda haka kakanni suka kafa doka, a kama kifi ko'ina amma ban da gurbin iri. Ba a jefa koma a cikinsa, ba a sa fatsa, ko kwando ba a tsomawa. Suka ɗora jiran gurbin a kan gida ɗaya, uba ya bar wa ɗa, mutumin nan kuwa shi ne na huɗu a gidansu. Yana ji da aikin ƙwarai. Ya taɓa kama ƙanin dagaci da fatsa a wurin, ya kore shi kora ta wulaƙanci, aka shekara ana ba da labarin. In mutane sun manta ma, shi yakan tuna musu.

A sauran ramukan kuwa akwai wata dabara da suka gada. In rani ya yi nisa akan daka ganyen majimfa a zuba a ruwa, kifi ya bugu, ya taso sama yana juyi kamar mashayi. Kowa ya ɗebi manya, a bar ƙanana. Kafin rana ta faɗi, wanda ba a ɗauka ba ya wartsake ya nutse abinsa. Mutumin nan ya ga wannan tun yana goye a baya, don haka ya zauna masa a rai cewa kifin da ya taso, muddin ba a taɓa shi ba, zai farka.

Ana nan sai shekaru suka sake hali. Damina ta riƙa zuwa a makare ta tafi da wuri, zafin bazara kuwa sai ka ce an hura wuta. An sare itatuwan bakin kogi an yi gawayi, ƙasa ta zube, yashi ya toshe mashigar da kogin yake haɗuwa da babban kogi, har kifin can ya daina hawowa. Ƙananan ramuka suka riƙa ƙafewa tun sanyi bai wuce ba. Majimfa ita ma ta ɓace, gama an ƙone dajin da take fitowa shekara bayan shekara. Ya zamana duk kifin da ya rage wa garin yana cikin gurbin iri, gurbin ma ya ja baya, bai kai rabin yadda yake a da ba.

A wata shekara gero ya yi ciki, sai ruwa ya ɗauke. Tun bazara ba ta shigo ba rumbun mutumin ya koma fanko. Matarsa Keziya tana shayarwa, ga kuma sauran yara. Takan raba musu ɗan abin da aka samu, in ya tambaye ta nata sai ta ce ai ta ci a madafa. Ya san ba ta ci ba, abin kuwa yana cin ransa. Kowace safiya yakan tafi ya zauna a kan dutse da cikinsa wayam, yana kallon tarwaɗa masu kaurin cinyarsa suna kai da kawowa a ƙarƙashin ƙafafunsa.

To, a bayan rumbunsa akwai wata kwalba a rataye, sauran maganin feshin wake ne na bara. Wata rana idonsa ya sauka a kanta, ya daɗe bai ɗauke ba. Ɗan Adam in yana son abu ba ya rasa hujja. Ya ce a ransa, maganin da ke bugar da ƙwaro ai zai bugar da kifi, ga shi kuwa shi ne mai jira, ya fi kowa sanin yawan abin da ke ciki. Ya gaya wa Keziya. Ta ajiye abin da ke hannunta ta dube shi.

Ta ce, "Maigida, wannan fa ba majimfa ba ne. Ka ga abin da ya yi wa ƙudan zuman Kawu bara, ko ɗaya bai tashi ba."

Ya ce, "Murfi ɗaya ne kawai, can a wutsiyar gurbin. In ɗebi goma, sauran su farka. Wa yake ƙirga kifi a cikin ruwa?"

Ta roƙe shi ya je wurin kawunsa ya faɗi halin da suke ciki. Ya ce shi da ya kori ƙanin dagaci ba zai je ƙofar wani yana roƙon tsaba ba.

Ranar kasuwar maƙwabta, da rana ta take, gari ya watse, sai ya sa kwalbar cikin aljihu ya gangara. Ya zuba murfi ɗaya ya tsaya. Ruwa bai motsa ba. Ya ce watakila maganin ya kwana biyu ƙarfinsa ya ragu, ya ƙara na biyu. Wanda ya zuba biyu kuwa na uku ba ya yi masa wuya. Can sai ruwa ya fara motsi, tarwaɗa suka taso suna buɗe baki, karfasa suna juyi. Ya shiga ya zaɓi manya, goman da ya faɗa ta zama sha biyar, ya cika buhu ya ɗaure. Sa'an nan ya hau dutse ya zauna yana jira sauran su farka.

Inuwar dutsen ta miƙe ta rufe rabin gurbin, ba wanda ya farka. Maimakon haka wasu suka riƙa tasowa daga ƙasa, irin waɗanda bai taɓa sanin suna nan ba, har da 'yan ƙanana kamar yatsa, dubbai. Ruwan ba ya gudu, ba inda maganin zai tafi, sai ya bi gurbin daga wutsiya har kai. Mutumin ya sauka ya riƙa kama su ɗaya ɗaya yana kaɗawa cikin ruwa, yana turawa ƙasa da hannu ko za su nutse. In ya saki sai su dawo sama, fararen cikkunansu a waje. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

Ya kai buhun gida. Keziya ta feɗe ɗaya, warin magani ya buge ta. Ta watsa wa kaji hanjin don ta gani, kafin dare kaji uku sun miƙe ƙafa. Ta ce ko yunwa za ta kashe su ba za ta sa wannan a bakin 'ya'yanta ba. Suka haƙa rami a bayan gida suka binne kifin duka sha biyar, suka kwana da yunwarsu kamar jiya.

Kashegari wari ya kira mutanen gari. Suka tarar da gurbin ya yi fari fat. Kwaɗi sun mutu a gefe, kunkuru ya fito ya mutu a kan yashi, ga zalɓe da shirwa da suka ci mushen sun faɗi nan kusa. Mata suka ɗora hannu a ka. Waɗansu suka ce zafi ne ya dafa ruwan. Sai wani ya ce shekaranjiya ya ga makiyaya sun sauka da shanunsu a sama da gurbin, ba shakka su ne suka wanke wani abu a ciki. Nan da nan magana ta kama, samari suka fara neman sanduna. Mutumin yana tsaye a cikinsu, ya san in ya yi shiru ya tsira, ya kuma san za a zubar da jinin waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ya fito tsakiya ya ce a bar makiyaya, shi ne. Ya faɗi yadda ya yi, bai rage komai ba.

Kawunsa Irmiya, wanda ya fi kowane masunci a garin shekaru, ya tattare rigarsa ya shiga ruwa har gwiwa. Ya ɗauko wata babbar tarwaɗa ya matsa cikinta, ƙwai ya zubo ya cika masa tafin hannu. Ya kawo gaban mutumin.

Ya ce, "Ɗana, da ka kawo mini yunwarka, da mun raba abin da ke cikin tukunyata. Wannan da ke hannuna tuwon jikokinka ne."

Mutumin ya faɗi ƙasa yana kuka. Ran Lahadi ya durƙusa a gaban jama'a a coci ya nemi gafarar Allah da ta mutane. Aka gafarta masa, ba kuwa gafarar baki ba, gama waɗanda suka fi fushi su ne suka fara aika wa Keziya da tsaba.

A shekarar nan damina ta yi kyau. Kogi ya kawo ya cika har fadama, masunta suka fita da komarsu suna sa rai. Suka ja, suka fito da laka da tsofaffin ledoji. Suka sake ja, haka. Damina ta ƙare ba a hura wutar bandar kifi a gida ko ɗaya ba. Sauro kuwa ya yi yawa, da yake babu kifi ko kwaɗon da zai cinye 'ya'yansa, zazzaɓi ya shiga gida gida. Da rani waɗansu suka yi tafiyar kwana biyu zuwa babban kogi, suka ɗauko kifi mai rai cikin bokitai. Rabi ya mutu a hanya, sauran ba su kai mako a gurbin ba. Shekara ta biyu ta zo ta wuce kamar ta fari, samari suka rataye koma suka kama hanyar birni.

A shekara ta uku mutumin ya tafi wurin kawunsa. Ya ce bai cancanci aikin kakanninsa ba, a cire shi daga jiran gurbin a ba wani mai amana. Tsohon ya daɗe yana kallonsa da tausayi, sa'an nan ya ce, "A ba wani ya jira me, ɗana?"

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Gurbin iri shi ne duk abin da Ubangiji ya ajiye domin rai ya riƙa sabuntuwa a duniya: ɗorawar da ke tsakiyar gona, idon ruwan bayan gari, ƙudan zuman da ke bin furen kabewa, ƙasar da ke karɓar iri. Mai jiran kuwa ba wani ba ne, ni ne, kai ne, ke ce. Allah bai sayar mana da duniya ba, jira ya ba mu, zai kuwa tambaye mu.

Ku lura, mutumin nan ba mugu ba ne. Yunwarsa gaskiya ce, ƙaunar iyalinsa ma gaskiya ce. Kuskurensa shi ne ya auna kwalba da ma'aunin majimfa. Mu ma haka muke yi. Mun ga iyayenmu sun sare itace ya toho, sun zubar da shara ta ruɓe ta zama taki, sai muka ɗauka ƙasa kullum tana farkawa. Amma su gatari ne a hannunsu, mu inji ne. Shararsu ganye ce da ƙaiƙayi, tamu leda ce da baƙin mai. Ƙasar kuma ta riga ta gaji, ruwan sama ya ragu, abin da ta iya haɗiyewa a da yanzu yana shaƙe ta.

Kowannenmu yana da nasa murfi ɗaya. Wani ya gama feshi ya wanke tankinsa a rafin da mata ke ɗiban ruwa. Wani ya cinna wa daji wuta saboda gafiya guda. Wata ta jira hadari ya haɗo ta juye shararta cikin lambatu, ta ce ruwa zai tafi da ita, kamar ruwan ba ƙofar wani zai kai ta ba. Na san da yawanmu talauci ne yake tura mu, ba na kuwa raina shi. Shi ya sa laifin bai tsaya kan mai kwalba kaɗai ba. Mace tana shayarwa da yunwa a tsakiyar gari, masu bi suna gaisawa da mijinta kowace Lahadi, ba wanda ya leƙa rumbunsa. Shi ma girman kai ya hana shi buɗe baki.

Abu na ƙarshe shi ne mai nauyi, ina kuwa faɗarsa da baƙin ciki. Allah mai gafara ne, duk wanda ya tuba da gaske zai karɓe shi, kamar yadda aka karɓi mutumin nan. Amma gafara ta wanke zuciyarsa, ba ta mai da kifi cikin ruwa ba. Akwai abin da in ya ƙare a hannunmu ya ƙare ke nan, 'ya'yanmu sai dai su ji sunansa a bakin tsofaffi. Don haka kada ka bari sai ka zuba kafin ka tuba. Yau in ka koma gida, ka dubi abin da Allah ya ba ka jira tun yana da rai, ka kuma leƙa gidan maƙwabcinka ka ga ko an ɗora tukunya.