Mai Mita da Diyod ɗin Jabu

An yi wani mutum mai gyaran rediyo da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti. Shagonsa ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin wani bene, tsakanin tela da mai yankan makulli. Ana ce masa Mai Mita, don ba ka ganinsa sai da na'urar gwajin wuta a hannu. Allah ya ba shi son sanin abu. In aka kawo masa gyara, ba ya sakin kayan sai ya gano abin da ya kashe su.

Ya 'yan uwa, bari in gaya muku abin da ake kira diyod, don ni ma sai da na tambaya aka nuna mini. Wani ɗan abu ne na gilashi, bai fi ƙwayar shinkafa ba, da waya a kowane gefe. Yana barin wutar lantarki ta wuce ta hanya ɗaya, ya hana ta komowa. Akwai na zamani, akwai na da, wanda aka yi da wani ƙarfe mai suna jameniyam. Na da ɗin nan ya yi wuya yanzu, kuma masu kaɗa jita suna nemansa ido rufe. Suna da wani ɗan akwati da suke takawa da ƙafa, suna ce masa feda, yana sauya muryar jita. Sun ce in an sa jameniyam a ciki, muryar takan fito da taushi da ɗan kauri. Ba hukuncin kiɗa na zo yi muku yau ba. Ku dai bi ni ku ga yadda abu ƙanƙane ya kayar da babban mutum.

Mai Mita yana da ƙane, sana'arsa haɗa irin wannan feda. A ɗakinsa yake aiki, a kan teburin da matarsa ke guga. Shi bai iya gwaji ba, hannu ne da shi mai kyau. Yayansa ke sayo masa kaya.

Wata rana Mai Mita ya samo diyod cike da leda, an rubuta a jiki cewa jameniyam ne. Ya ɗora su a mita. Na zamani yakan nuna lamba mai yawa, jameniyam kuwa lambarsa ƙasa take. Waɗannan duk suka nuna ƙasa. Ya yi murna, ya kira ƙanensa ya ce, "Na gwada da hannuna, na ainihi ne." Ƙanen ya haɗa feda, ya buga a jikin kowace cewa jameniyam ce gwadaddiya. Makaɗa suka yi ta saye.

Har nan babu zunubi. Kuskure ne, kuma wane ne ba ya kuskure?

Bayan wani lokaci aka kawo masa wata tsohuwar rediyo. Ya ciro diyod ɗinta, ya ce bari ya kwatanta da nasa, don kawai ya gani. Ya ɗauko madubin da masu gyaran agogo ke sawa a ido. A cikin gilashin tsohon ya ga wata 'yar waya siririya kamar gashin gira, ta lanƙwasa ta taɓa wani ɗan dutse. Ya duba nasa, babu wayar. Abin ya ba shi mamaki. Ya juya tsohon baibai a mita, ya riƙe shi tsakanin yatsu biyu. Da ɗumin jikinsa ya shige shi, lambar ta fara tafiya, domin jameniyam yana ɗan yoyon wuta, kuma zafi yana ƙara yoyon. Ya gwada nasa, da kyar lambar ta motsa.

Ya yi ta bincike har ya gano cewa akwai wani diyod na zamani da shi ma yake nuna lamba ƙasa. Shi ake shafa wa zoben fenti a sayar da sunan jameniyam. Ya zazzage ledar a kan tebur, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kaɗan ne na ainihi. Ya zuba su a wani gwangwani, ya zuba na jabu a wani, ya sa a aljihun tebur ya rufe.

Ku duba ni'imar da Allah ya yi masa. Ya gano abin da babu wanda ya sani a cikin abokan sana'arsa. Me ya rage? Sai dai ya tafi wurin ƙanensa ya ce na yi kuskure. Amma sai ya tuna sunansa. Yaya za a ce Mai Mita ya gwada abu, abin ya yaudare shi? Ya ɓoye maganar. Da ƙanen ya zo neman ƙari, ya buɗe gwangwanin jabu ya ƙirga masa.

Akwai wani dattijo da ya tsufa yana kaɗa jita a wuraren taro, da ita yake ciyar da iyalinsa. Ya sayi feda ɗaya, ya kawo ta shagon Mai Mita, don an ce shi ya gwada kayan.

Ya ce, "Ɗana, muryar nan tana da kaifi. Ba haka na san jameniyam ba."

Mai Mita ya ɗora masa a mita, ya nuna masa lambar. Ya ce, "Baba, ga shi da idonka. Kayan lafiya lau suke. Ko kunne ne ya fara gajiya? Shekaru ne fa."

Dattijo ya ce, "Ta yiwu."

Ya 'yan uwa, kun ga inda kuskure ya zama zalunci? Ya san kunnen mutumin nan ya fi mitarsa gaskiya. Amma ya ɗauki laifinsa ya ɗora a jikin bawan Allah. Dattijo ya koma gida yana zargin kunnensa. Duk abin da ya kaɗa sai ya tambayi na kusa ko daidai ne. Hannunsa ya fara ɗari-ɗari. A ƙarshe ya ce wa abokan kiɗansa su nemi wani, ya sayar da jitar.

Asiri ya tonu ta hanya mai sauƙi. Wata feda ta lalace a hannun wani makaɗi a wani gari. Mai gyaran can ya buɗe, ya ɗauki hoton diyod ɗin da wayar salula, ya ƙara girmansa, ya tura wa makaɗa. Cikin 'yan kwanaki fedoji suka fara dawowa ƙofar ƙanen. Sunansa ne a jiki, shi aka kira ɓarawo a gaban matarsa da maƙwabta.

Ƙanen ya zo shagon da rana tsaka, ya ce, "Yaya, ka sani?"

Ga ƙofar tuba a buɗe. Mai Mita ya ɗaga hannu ya rantse da Allah cewa shi ma yanzu yake ji. Ƙanen ya gaskata shi. Ya ce to bari su kwashe ragowar su mayar wa wanda ya sayar musu, ya jawo aljihun tebur. Ya ga gwangwani biyu. Ya ɗauki madubin ya duba wannan, ya duba wancan. Hoton da aka tura ya riga ya koya masa abin da zai nema.

Ya ce, "Wa ya ware su?"

Tela yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai.

Daga ranar ƙanen bai sake taka shagon ba. Makaɗa suka ɗauke ƙafa, masu rediyo suka bi su, domin wanda zai rantse a kan ƙarya, wa zai bar masa kayansa? Mai Mita ya fito da na ainihin da ya ɓoye zai sayar, aka ce su ma jabu ne. Mai bene ya karɓi shagonsa. Yanzu yana zama a bakin titi da ɗan tebur, yana gyaran tocila.

An ce ya je gidan dattijon neman gafara. Dattijo ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Ashe kunnena lafiya yake." Ya dubi yatsunsa da suka riga suka sandare saboda barin kiɗa. Ya ce ya yafe, ya tashi ya shiga ciki.

Ya 'yan uwa, ba diyod ne ya halaka mutumin nan ba, kuma ba jahilci ba ne. Saninsa ne ya zama hujja a kansa. Mutum nawa ne a cikinmu suka gano kuskurensu, suka rufe aljihun tebur? Mu nawa muka sa wani ya zargi hankalinsa don kada a ce mun yi kure? Wanda ya ce na yi kuskure, kunyar yini ɗaya zai ji. Wanda ya ƙi faɗa, sai ya nemo ƙarya, sannan ya nemo rantsuwa ta tsare ƙaryar.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya ba mu ƙarfin faɗar gaskiya ko da a kanmu take. Allah ya kiyaye mu da girman kai da rantsuwar ƙarya. Amin.