Manomin da Ya Ƙi Rage Dawarsa

Akwai wani mutum, manomi, wanda duk garinsu ba mai iya nuna shi da yatsa. Bai taɓa matsar da iyakar gona ba, ko da faɗin tafin hannu. Awakinsa ba su taɓa shiga gonar wani ba, gama tun ruwan fari yake ɗaure su. Ranar Lahadi fartanyarsa tana rataye. Yana girmama iyayensa, ba ya ƙarya, ba ya duban matar kowa. Mutumin kirki ne, kada wani ya ce na ce ba haka ba.

Wata shekara ya zuba wa gonarsa taki sosai, ya samo irin dawa mai kyau, ya shuka. Don gudun ɓarnar tsuntsaye da ɓeraye, sai ya riƙa cika hannu a kowane rami. Ga shi kuwa ba abin da ya taɓa irin, kowace ƙwaya ta tsiro. Rami ɗaya sai ka ga tsiro cunkus kamar tsintsiya, kore shar. Gonar nan kuwa ita ce abincin gidansa na shekara, ba shi da wata.

Gonar da ke kusa da tasa ta wata gwauruwa ce, sunanta Liyatu. Tata tana gangare, ruwa ya bi ta kai ya kwashe irin, sai tsiro jefi-jefi. Ba ta da sauran iri, lokacin sake shuka kuma ya wuce. Abin da ya rage mata sai dashe, wato ta samu wanda zai rage tasa dawar ya ba ta ta kafa a tata gonar.

Manomin ya yi noman fari, ya bi kowace ciyawa ya cire, har wadda ta ɓuya a gindin shuka. Rannan wani dattijo, Baba Anaruwa, abokin mahaifinsa, ya zo wucewa. Manomin ya kira shi. Gaskiya dai yabo yake nema.

Ya ce, "Baba, duba mini gonar nan. Akwai sauran abin da ban yi ba?"

Dattijon ya zagaya, ya ce, "Ɗana, ka yi aiki. Ban ga ciyawa ko ɗaya ba. Amma dawar ta yi yawa. Ka rage ta, ka bar biyu ko uku a rami. Wadda ka cire, ga Liyatu can tana neman dashe, ka ba ta tun ƙasa tana da laima."

Manomin ya san wannan sarai, ba yau ya fara noma ba. Ya durƙusa, ya kama tsiron rami ɗaya ya ja. Da ya ga saiwoyin farare tas, lafiyayyu, sai zuciyarsa ta karye. Ya mayar da su ramin, ya danne ƙasa da ƙafa.

Ya ce, "Haba Baba, ai wannan ba ciyawa ba ce. Dawa ce, da gumina na samo irin. Ƙasar tana da taki, za ta ɗauke su duka."

Baba Anaruwa ya dube shi da tausayi, ya ce, "To, ɗana, gonarka ce." Ya kama hanyarsa.

Kashegari Liyatu ta zo da kanta, ta tsaya a bakin gona ta ce, "Sannu da aiki, maƙwabci. In za ka rage, don Allah ka tuna da ni." Ya amsa gaisuwarta da ladabi, ya ce bana ba zai rage ba, Allah ya buɗa mata wata hanya. Bai zage ta ba, bai kore ta ba. Ta yi godiya ta tafi neman dashe a gonakin nesa, ta samu ɗan abin da ta samu.

Damina ta yi kyau. Dawar manomin ta tashi, masu wucewa suna ta yi masa barka. Amma a ƙarƙashin ƙasa saiwoyi suna ƙwacen abinci, a sama ganye yana tare wa ganye rana. Karan suka yi tsawo, sirara kamar tsinke. Da lokacin fitar da kai ya yi, wasu suka fitar da 'yar zangarniya kamar yatsa, da yawa kuwa ko ita ba su fitar ba.

Da kaka ta yi, ya shiga gonar da lauje. Ya karya zangarniya, ya murza a tafin hannu, ya hura, sai ƙaiƙayi ya tashi, hannu ya zauna wayam. Ya matsa gaba ya karya wata, haka. Tun daga wannan iyaka har waccan, abin da ya tara bai rufe gindin rumbu ba. Ya zauna a tsakiyar gonarsa mai tsabta, ya yi kuka kamar yaro. Kara dai ya samu, har ya ishe shi danga, amma ba a tuƙa tuwo da kara.

Ga ma'anar wannan misali: gonar nan ita ce ranka. Ciyawar kuwa ita ce abubuwan da dokokin Allah suka hana: sata, kisa, zina, shaidar zur, raina iyaye. Wanda ya nome waɗannan ya yi daidai, kada ya fasa. Amma ba don a ga gona da tsabta ake noma ba, don hatsi ake yi. Hatsin nan shi ne rai madawwami.

Dawar da ta yi yawa kuwa dukiyarka ce, ta halal, wadda ka samu da guminka. Nan ne wuyar take, 'yan'uwa. Cire ciyawa ba ya yi wa kowa zafi, wa yake son ciyawa? Amma a ce ka sa hannu ka tumɓuke abu mai kyau, naka na kanka, ka miƙa wa wani, nan za a san abin da zuciyarka take bauta wa. Mutumin nan yana tsammani ya cika dokoki duka, alhali manyan biyu ya bari: bai ƙaunaci Allah fiye da abin hannunsa ba, bai kuma ƙaunaci maƙwabciyarsa kamar kansa ba. Bai cuce ta ba, gaskiya ne. Amma ya bar ta da gona fayau, shi kuwa tasa tana shaƙe kanta don yawa.

Kada wani ya fita daga nan ya ce malami ya ce ana sayen rai madawwami da sadaka. Ko kusa! Kyauta ce ta Allah ta wurin Yesu Almasihu, kamar yadda ruwan sama kyauta ne. Sai dai zuciyar da dukiya ta cika maƙil ba ta da wurin da kyautar za ta ba da amfani.

Wani a cikinmu yana da hatsin bara a rumbu har ƙwari sun fara ci, ga yaran maƙwabcinsa suna kwana da yunwa. Wata akwatinta ba ya rufuwa don zannuwa, ta kuwa san wadda take zuwa sujada da zane ɗaya. Ba sai na kira suna ba, kowa ya san raminsa da ya yi cunkus. Ka rage shi yau, tun kana da numfashi, tun mai bukatar yana bakin gonarka. In ƙasa ta bushe, dashe ba ya kamawa.