Ƙyallayen Shagon Baba Tela

Akwai wani tela a tsohon layinmu, kowa Baba Tela yake ce masa. Kwanduna biyu ne a ƙarƙashin kekensa, ɗaya na shara, ɗaya na ƙyallaye. Ba ya jefa ƙyalle sai ya shafa shi da yatsa, kada allura ta bi shi.

Ƙyallayen na Goggo ne, wata dattijuwa mai ɗinka matashin kai. Manyan ta harhaɗa su ta yi rigar matashin, ƙananan ta cusa a ciki, ta bi gidaje tana sayarwa. A wancan lokacin da wuya ka shiga ɗaki ba ka ga guntun rigar maƙwabcinka a kan gado ba.

Da Baba ya rasu, autansa ya gaji shagon. Ya fi uban iya ɗinki, amma ba shi da haƙurin tsince-tsince. Ya haɗe kwandunan, kullum da yamma ya cinna wa tarkacen wuta a bayan shago.

Goggo ta zo da buhunta, ya ce mata shi ɗinki ya koya, ba tonon bola ba.

Ta ce, "To, Auta. Allah ya ba da kasuwa." Ba ta sake zuwa ba.

Sannu a hankali aiki ya ja baya. Masu zuwa suna ƙorafin kayansu na warin hayaƙi, sababbin fuskoki kuwa babu. Har ya fara cigiyar mai sayen keken.

Yayarsa ce ta nuna masa abin da bai taɓa lura da shi ba: duk gidan da Goggo ta shiga, sai mata sun tambayi inda ta samo irin waɗannan yadika, ita kuwa shago ɗaya ta sani, can take tura su.

Ya daina ƙonawa, ya tara buhu guda, ya kai mata da kansa. Ta daɗe tana laluba ƙyallayen.

"Ka makara, ɗan nan. Ido ya tafi, ko zare ba na iya zurawa. Ka sayar da keken?"

Ya ce tukuna.

"To kai ka ɗinka, ni in yi yawo. Bakina bai tsufa ba."

Keken yana nan a shagon har yau.

Darasi: Abin da kake ganin ware shi ɓata lokaci ne, wataƙila sana'ar wani ce, kuma ita ke riƙe da taka. Ku tura wa masu shago da kuka sani, kafin su ƙyasta ashana.