Madugun da Ya Ishi Sarki da Maganar Kasuwa

An ruwaito a cikin tsofaffin littattafai, waɗanda gara ta ci rabi ta bar mana rabi, cewa an yi wani sarki mai suna Mijinyawa. Wata rana ya tashi kasuwar garinsa daga tudu ya mai da ita fadama, wai hayaniya tana hana shi ƙailula. Damina ta faɗi, gishirin fatake ya narke, jakuna suka yi ta kafewa a laka.

Kowa ya yi gum, sai wani madugu, Cindo. Kullum aka zauna fadanci sai ya zo ya tuɓe takalmi, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kasuwar nan ba ta yi ba." Yau haka, gobe haka, har ya zama da Sarki ya hango rawaninsa sai kansa ya fara sarawa.

Waziri Gambo ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai tawaye ne. A miƙa shi ga hauni kowa ya huta."

Sarki ya ce, "Wallahi ya ishe ni! Kai Cindo, faɗi abin da ya raba ka da ɗan tawaye, ko yau kanka ya yi sallama da wuyanka."

Cindo ya ce, "Allah ya ja zamaninka, an yi wani madugu da ya zaɓar wa ayari hanya marar ruwa. Al'adarmu ta fatake, kafin a ɗaura kaya kowa yana da bakin magana. Wani falke ya tsaya gabansa ya wanke shi tas, sannan ya ɗaura kayansa ya bi shi yana mita. Wani kuma ya ce, 'Ka yi daidai, uban tafiya,' ya zaga bayan zango yana huda salkunan ruwa, don ƙishi ya sa a tuɓe madugu a naɗa shi."

Sarki ya ce, "Da asiri ya tonu fa?"

"Aka kori mai huji, mai mita ya zama jagaba. Af, kasuwar nan kuwa, ba ta yi ba."

Sarki ya dafe kai. "Ikon Allah! Ga hauni a tsaye, ba za ka bari ba? Waziri, ya taɓa zuga wani ya ƙi cin kasuwar?"

Waziri ya sosa ƙeya. "A'a, ranka ya daɗe. Kullum yana can, laka har gwiwa."

Sarki ya ja dogon tsaki, ya sallami hauni, ya ce a mai da kasuwa tudu. Ya naɗa Cindo Sarkin Kasuwa, ya ce, "Tafi, kai ma a ishe ka ka ji yadda ake ji."

Masu hikima suka ce, mai faɗa maka a ido yana biye da kai, ka jure masa, naka ne. Wanda za ka tsorata shi ne mai yi maka kirari a fada yana yi maka ɓarna a ɓoye.