Jar Rigar Akuya da Lambun Beguwa

A wani ƙauye da ke gefen fadama, an taɓa yin wata Beguwa mai saurin fushi da wata Gafiya mai saurin kuka, suna zaune gida ɗaya. Gafiya ce mai kaɗi. Da safe za ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari, auduga ta koma zare. Beguwa kuwa saƙa take yi, kuma ba ta taɓa sayen tsinken saƙa ba. In ɗaya ya karye, sai ta miƙa hannu baya ta ciro wata ƙaya a jikinta ta ci gaba da aiki.

A bayan gidan Beguwa ta yi ɗan lambu na alayyafo da kuɓewa da yakuwa. Tana ji da lambun nan ƙwarai, sai ga shi kullum wani na shiga yana yi mata ɓarna.

Wata rana maƙwabciyarsu Akuya, wadda kwaɗayi ya yi wa katutu, ta leƙo ta kan danga.

"Yaya Beguwa, ni dai ba na son haɗa faɗa," in ji ta, alhali ba abin da take so a duniya kamar haɗa faɗa. "Amma ki dubi kumatun Gafiya. Kin taɓa ganinsu ba a cike ba?"

"Wallahi haka aka haife ni da su," in ji Gafiya, hawaye har sun taru. "Angurya ce kawai nake ɗan taunawa in ina kaɗi."

Beguwa ta tayar da ƙayoyinta. "Angurya ko? To, ki ji da kyau. In na ƙara ganin ganye ɗaya a gutsure, ki ɗauki mazarinki ki bar min gida."

Hankalin Gafiya ya tashi, don ramin da ta baro tuni ruwa ya cinye shi, ba ta da wurin zuwa.

Ana nan sai Tunkiya ta haihu, aka sa ranar suna. Akuya ta ce ita fa sai ta fi kowa a wurin, don haka ta sa a yi mata jar rigar sanyi. Gafiya ta kaɗa zaren aka rina, Beguwa ta fara saƙa daga wuya tana gangarowa ƙasa.

Ranar suna da hantsi Akuya ta faɗo gidan. "Ina rigata? Za a fara rabon abinci ba ni."

"Ki dakata, ban ƙulle bakinta ba," in ji Beguwa. "Saƙa in ba a ƙulle zaren ƙarshe ba, warwarewa take yi."

"Wa zai duƙa ya duba min ƙasan riga?" Akuya ta fizge, ta zura, ta fice tana taku ɗai-ɗai.

Maimakon ta bi hanya, sai ta zagaya baya. Ta ce a ranta bai dace babbar mace ta isa gidan suna da yunwa ba, kada a ga tana rawar jiki a kan tuwo. Ta kutsa ta ƙarƙashin shingen lambu, bakin zaren ya maƙale a ƙaya, ba ta sani ba. Ta ci alayyafo, ta zagaya kuɓewa, ta dawo ta share baki da yakuwa, sannan ta kama hanya.

Da Beguwa ta zo ban ruwa ta ga lambun, sai da ta saki tulun. Ga jan zare ya naɗe kowane kara da aka cinye wa ganye.

"Gafiya, zo nan. Zaren wa ye wannan?"

"Kaɗina ne, Yaya, amma..."

"Kin ci, har kin bar min shaida. Tattara kayanki."

Gafiya ta fito da mazarinta a hammata tana kuka. Beguwa ta fizgo zaren za ta jefa mata, sai ta tsaya. Zaren duk ya nannaɗe ya yi lanƙwasa-lanƙwasa, kuma ba mai saƙar da ba ta san kamannin zaren da aka saƙa aka warware ba. Ta bi shi da ido, ta ga ya fita ta ƙarƙashin shinge ya miƙe hanyar gidan Tunkiya.

"Share hawayenki," in ji ta. "Naɗe min wannan a mazari, mu ga inda zai kai mu."

Suka tafi, Gafiya na naɗi tana shessheƙa. A gidan suna suka tarar da Akuya a tsakiyar mata tana juyi. Rigar ta warware ta bar cikinta a waje, tim da shi, amma ba wadda ta gaya mata, don kowa na jin daɗin kallo.

"Ku daina dariyar hassada," take ce musu. "Irin wannan riga sai mai hali. Ni abin da ke damuna ma maƙwabciyata ce, ɓarauniya ta ajiye a gida."

Gafiya ta ci gaba da murza mazari. Rigar ta hau ƙirji, ta hau kafaɗa, har ya rage zobe ɗaya a wuya. Akuya ta ji iska, ta duba jikinta, ta bi zaren da kallo har zuwa hannun Gafiya.

"Ki ci gaba da labarin ɓarauniyar, muna ji," in ji Beguwa.

Akuya ta buɗe baki za ta rantse, sai gyatsa ta riga rantsuwar fitowa, warin yakuwa ya cika wurin. Tunkiya ta yi dariya har ɗinkin zanenta ya ɓalle.

Beguwa ta tufka zaren ya zama igiya, ta ja Akuya har gida ta ɗaure ta a turke nesa da shinge. Daga nan ta juya ga Gafiya, kunya ta kama ta.

"Ki yafe min, ƙanwata. Mayar da mazarinki ɗaki."

Gafiya ta fashe da kuka, don ita murna ma da kuka take yin ta.

Darasin da za ku ɗauka a nan, yara, shi ne: wanda ya ci abin wani ya ɗora wa wani laifin, ba a daɗewa asirinsa ke tonuwa, kuma a gaban mutanen da ya fi so su yabe shi. Ku kuma kada ku yanke wa kowa hukunci don kun ga kumatunsa a cike.